Wutar da Ban Gani Ba

Shekara ashirin ina gyaran mota, kuma halina ɗaya ne kowa ya san ni da shi: ba a koya mini. A garejinmu har Gama-Sani suke ce mini, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Da aka buɗe masana'antar da ke yin man mota daga tuƙar rake da karan masara, wanda ake kira itanol, sai suka turo wata ma'aikaciyarsu ta yi wa makanikai bayani. Tana fara magana na kakkaɓe wandona na fita.

"Ni za a koya wa mai? Ruwan rake kuma?"

Yayana direban tasi ne, da hannuwansa biyu yake ciyar da mutum bakwai. Ya koma zuba wa motarsa sabon man saboda araha. Wata rana da tsakar rana ya kawo motar, tiyon mai yana yoyo. Na tsiyaye man a faranti na ajiye a fili.

"Yaya, an cuce ka," na ce. "Wannan ko wuta ba ya kamawa. Tsaya ka gani."

"Kai dai bari wasa, fasinja na jira."

Na ƙyasta ashana na jefa. Babu harshe, babu hayaƙi. Na tuntsire da dariya, na juya neman sifanar kwance noti. Shi kuma, don kada man ya tafi a banza, ya sunkuya ya ɗauki farantin.

Ihunsa har yau yana kunnena. Man ya kwarara a hannuwansa, fata tana ƙuna, ni ina tsaye ban ga wuta ba. Ashe wutar wannan man ba ta cika ganuwa a hasken rana ba. Daga baya abokan aiki suka ce wannan ne gargaɗin farko da matar ta yi bayan fitata.

Yatsunsa sun ƙanƙance, ba ya iya riƙe sitiyari. Da na durƙusa neman gafara, cewa ya yi, "Tashi, ƙanena, ƙaddara ce." Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Kunya ta hana ni haɗa ido da matarsa.

Darasi: gwaninta a tsohon abu ba ta sa mutum ya san sabo. Wanda ya fi ƙarfin zama ya saurara, ba shi kaɗai yake biyan girman kansa ba. Ni na jefa ashana, hannuwana kuwa lafiya lau.