Na Gane, In Ji Ƙadangare

Dalilin da ya sa kuke ganin ƙadangare a kan katanga yana ta gyaɗa kai, alhali ba wanda ya ce masa uffan, ba gaisuwa ba ce, ba kuma ciwon wuya ba ne. Ragowar sana'a ce. Ku gyara zama, kuma kada in ji wani ya ce ya gane kafin in kai aya.

A zamanin da, Ƙadangare marini ne. Jikinsa duka ruwan ƙasa ne, babu wannan shuɗin da jan kan da kuke gani a jikin namijin yanzu. Yana da karofi, wato ramin rini, a bakin kasuwa, wanda ya gada wajen ubansa, shi ma uban gado ya yi. Ba shi da gona, ba shi da ko akuya. Ramin nan shi ne cinsa, shi ne shansa. Kuma tsakani da Allah ya iya aiki. In ya haɗa baba, ganyen rinin nan, da toka ya tsoma zane, aka kai wa masu bugu suka buga, sai ka ga fuskarka a ciki.

Aibinsa ɗaya ne, ba ya bari mai kaya ya gama magana. Kana buɗe baki ya fara gyaɗa kai, “Na gane, na gane.” Abin da ya gane kuwa kullum ɗaya ne, baƙi.

Wata rana matar Hankaka ta haihu. Hankaka ya ɗauko farar rigarsa, wadda ba shi da kamarta, ya nufi karofi. So yake a ɗan taɓa masa bakin hannun da shuɗi mai haske, ya sa ranar suna.

Ya ce, “Malam Ƙadangare, ga rigata. So nake a ɗan...”

“Na gane.”

“Ai ban faɗa ba tukuna.”

“Haba Hankaka! Tun kana cikin ƙwai nake rini.”

Kafin Hankaka ya haɗiye yawu, riga ta nutse. Ya yi wuf ya cafko ta, ƙirjin kaɗai ya tsira. Haka ya je sunan ɗansa, haka kuma yake yawo har gobe.

Ana nan sai Hawainiya ta haƙa nata ramin can ƙarshen kasuwa. Ba ta kama ƙafar Ƙadangare a gwaninta ba, wannan kowa ya sani. Baƙinta ma in ya sha wanki yakan koɗe. Amma in ka kawo mata kaya sai ta shimfiɗa maka tabarma, ta sa ido ɗaya a kan zanen, ɗaya a kan bakinka. Ta tambaye ka, na biki ne ko na zaman gida? Mai duhu ko mai haske? In ka gama ta ce, “Akwai saura?” Ga ta da nawa, aikin yini sai ya kwana a hannunta. Duk da haka mutane suka koma can, ɗaya bayan ɗaya.

Ƙadangare ya duba layin da ke gaban Hawainiya, ya ce mutanen garin nan ba su san rini ba. Da ba wanda ya amsa masa, sai ya gyaɗa wa kansa kai.

Mutum ɗaya ce ta rage masa, tsohuwa Kurciya. Tun zamanin ubansa take kawo rini, kuma ta saba da halinsa, duk abin da ta kawo ta san baƙi za ta karɓa. Tausayinsa take ji. Wata safiya tana wucewa ta lura lason da aka shafe bakin ramin da shi ya tsage, daidai inda yake tsayawa in zai tsoma kaya. Ta ƙaraso da sauri.

Ta ce, “Ɗan nan, yau ba rini na kawo ba. Bakin ramin nan...”

“Na gane, Iya, na gane. Ya koɗe.” Ya zare mayafin da ke kafaɗarta.

“Kai, tsaya ka ji!”

“Kafin azahar ya bushe.”

Ya juya da mayafi, ya taka daidai wurin. Laso ya ɓare, sai ji kake tsundum! Ƙadangare ya nutse cikin baba har wuya, ƙasa ta zubo ta danne masa wutsiya.

Kurciya ba ta da ƙarfin jawo shi, ta tafi neman mai taimako. Shi kuwa ya shiga kururuwa. Can sai ga Hankaka da farin ƙirjinsa, ya leƙo.

“Hankaka, don girman Allah, miƙo mini...”

Hankaka ya gyaɗa kai. “Na gane, na gane. Wanka kake yi. A fito lafiya.” Ya kama gabansa.

Duk wanda ya leƙo a ranar, akwai rigarsa ko zanen matarsa da ya taɓa nutsewa a ramin nan. Kowa ya gane, kowa ya wuce. Ni dai ban ce sun kyauta ba, amma ban ga bakin da zan yi musu faɗa da shi ba.

Hawainiya ce ta amsa kiran Kurciya. Ta taso tun hantsi, da irin tafiyarta, ta iso da la'asar. Rana ta gama gasa masa kai. Ta zauna a bakin ramin ta ce, “To, maƙwabci, faɗi yadda kake so a yi. Ina ji.”

Ya faɗa: a fara janye ƙasar da ta danne wutsiya, sannan a miƙo muciyar da yake motsa baba da ita. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce, “Akwai saura?” Ya ce babu. Ta yi yadda ya ce, ya fito.

Jiki ya rine shuɗi, kai ya yi ja wur. Wannan bai dame shi ba kamar abin da ya gani da ya waiwaya. Bangon ramin ya rufta gaba ɗaya, baba ya gauraye da ƙasa. Karofin kakansa ya zama taɓo.

Kurciya ta ce, “Abin da na zo faɗa maka ke nan, ɗan nan. Da safen nan, laso cikin tafin hannu ya isa ya gyara shi.”

Ƙadangare ya buɗe baki zai ce ya gane. Wannan karon da gaske ya gane ɗin, amma maganar ta ƙi fita. Kan kawai ya gyaɗa.

Shi ya sa har yau za ku gan shi a kan katanga da rinin da bai taɓa wankuwa ba, yana ɗaga ƙirji yana leƙen hanya, ko wani zai taho da zane. In ya ji motsi sai ya fara gyaɗa kai. Yanzu kam a shirye yake ya saurari mutum har ƙarshe, sai dai ba mai zuwa.