Asu da Layar Mantau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kawu!

An yi wani maɗinki, Mantau, bakinsa ya fi allurarsa aiki. Kowace ran kasuwa sai ya bugi ƙirji: "Rigar jikina tsamiya ce zalla, silikin gargajiya, shekara tara asu bai taɓa ta ba! Ga maganin." Sai ya ɗaga layar wuyansa. Mutane suka yi ta sayen irinta.

To, akwai wata 'yar asu mai launin toka, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ko ƙwari ba su san sunan danginta ba, ita kaɗai ta rage. Ga ciki cike da ƙwai, ga kwana uku suka rage mata a duniya. 'Ya'yanta kuwa ba sa cin auduga, sai tsamiya ko gashin dabba.

Ta ce, "Rigar Mantau za ni."

Gara ta ce, "Ƙawata, da laya fa."

Ta ce, "Ko da goma ce, za ni."

Ran farko ta sauka a wuyan riga, ta shinshina. Auduga! Rana ta biyu ta shiga aljihu, ta shinshina. Auduga! Rana ta uku ta bi hannun riga, ta shinshina. Auduga, an rina ta launin tsamiya!

Ta ce, "Af! Ashe ba laya ke korar mu ba, gidan ne ba tuwo."

Tana shirin mutuwa sai ta ji ƙanshi. Layar nan, da fatar rago aka ɗinke ta, har da gashi. Ta rarrafa, ta rarrafa, ta zuba ƙwanta a bakin ɗinkin, ta cika.

Bayan kasuwa bakwai Mantau ya ɗaga laya: "Ga maganin!" Sai ta ruguje a hannunsa, buss, 'yan asu suka tashi.

Iya Tambai mai daddawa ta kama gefen rigar, ta murza. Ta ce, "Ɗan nan, asu ya cinye maganin asu, ya bar riga? Wannan tsamiyar taka a gonar wa aka tsince ta?"

Ƙurungus, kan asu ba ya miya. Mai ƙarya ya tsare ƙofa, ta wuyansa za a shigo.