Ƙanƙarar da Ba Ta Isa Kasuwa

"Wai ni kam, kwana huɗu babu wuta a unguwar nan, me ya hana allurar nan lalacewa?"

Wata tsohuwa ce ta jefa wa nas tambayar a layin rigakafi. Akwai wata yarinya zaune a gefenta, matar mai sayar da ƙanƙara, da ɗa a goye. Ba ta ɗaga kai ba. Da ma ita ba mai magana cikin mutane ba ce, ga shi kuma ta fito daga gida da abin da ke cin ranta.

Mijinta yana saro ƙanƙara a wurin masu inji. Amma duk ranar da aka kwana babu wuta, ranar da kayan suka fi tsada, sai ya ware manya biyu ya naɗe a buhu, ya fita da su, ya dawo hannu wayam. In ta tambaya ya ce, "Sun je inda ake nemansu."

Yayansa ne ya saya masa baron da yake talla da shi, ya kuma ja mata kunne: "In kika ga yana wasa da sana'a ki faɗa min, in karɓe abina." Ta yi ta juya maganar har ta gaji. Yau ta ƙudura, daga asibiti sai shagon Yaya.

Nas ta ɗago wata 'yar kwalba.

"Iya, kin ga tambarin nan? In zafi ya taɓa ta sai ya yi duhu, sai zubarwa. Kyautar da kuke gani, harajina da na 'ya'yanki ne ya saye ta. Amma man janareto ya ƙare mana tun farkon wata."

"To da me kuke sanyaya ta? Da fifita?"

Mata suka kwashe da dariya.

"Wani bawan Allah ne ke ajiye mana ƙanƙara a ƙofar baya kafin mu buɗe. Mun yi mun yi mu kama shi mu gode, ya fi mu sammako."

Ta sunkuya ta buɗe babbar kular da ke ƙarƙashin tebur, ta zaro jiƙaƙƙen buhu ta yar gefe.

A gindin buhun akwai faci. Koren yadi, ɗinkin hannu a karkace. Yarinyar ta san shi, don daga tsohon zanenta ta yanko, har allura ta soke ta a yatsa ranar.

A hankali ta juya ta bi layin da kallo. Benci bayan benci, har waje gindin bishiya, ƙananan kawuna a bayan iyaye, wasu na barci, wasu na tsotson hannu. Ba wanda ya san cewa mutumin da ke cin tuwo a ɗakinta, yana zubar da miya a riga, shi ne mai kawo ƙanƙarar.

Nas ta kira ta. "Ke 'yar shiru, kawo yaron mana. Ko sai na aiko mota?"

Ta kwance goyon. Nas ta miƙa mata kwalbar ta riƙe kafin ta ɓare sirinji. Sanyi ƙalau a tafin hannunta. Yaron ya tsandara kuka, ya yi shiru a ƙirjinta.

Hanyar gida ta gaban shagon Yaya ta bi. Yana hango ta ya ajiye abin da yake yi.

"Amaryarmu, akwai magana ne?"

Ta durƙusa. "Babu, Yaya. Gaisuwa ce."

"Ƙanin nawa yana riƙe da sana'ar dai?"

"Yana riƙe da ita sosai."

Ta miƙe ta gyara goyonta. Tun da mijinta ya zaɓi ƙofar baya, ita ma ba za ta faɗa wa kowa ba. Ko shi kansa.

Darasi: Duk maganin da ka samu kyauta, akwai wanda ya biya, wani da haraji, wani da guminsa. Kada ka yi saurin zargin wanda ba ka ga inda alherinsa ke zuwa ba, kuma kai ma ka sa hannu a lafiyar unguwarku. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.