Yadda Aka Rufe Ajin Yamma

Akwai wani masanin ƙididdiga da ya buɗe ofis a saman wani kantin magani. Mutane kan kawo masa alƙaluma ya fito musu da ma'anarsu. Aiki kam ya iya shi, amma kunnensa na ado ne kawai. Kafin ka kai rabin magana ya ɗaga maka hannu, wai shi ya riga ya gane.

Wata rana gwaggonsa ta hau benen nan tana haki. Ita ce shugabar wata makarantar firamare, kuma a hannunta ya tashi. Ta buɗe aji na yamma don koyar da karatu, masu makarantar kuwa sun ce za su rufe shi sai in an nuna musu amfaninsa da hujja.

Ta miƙa masa makin jarrabawar ƙarshen shekara, ta ce, "Ɗana, bari ka ji yadda muke ɗaukar yaran nan."

"Gwaggo, ki huta," ya ce, idonsa na kan kwamfuta. "So kike a gwada 'yan ajin yamma da sauran yara. Irin wannan kullum nake yi."

"Haka ne, amma ai su yaran..."

"Alƙaluma za su faɗa mini komai. A kawo miki ruwa?"

Yaron da ta goya ne ya zama masani, sai ta ji nauyin matsa masa.

Ya yi lissafinsa tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Makin 'yan ajin yamma ya fito ƙasa da na sauran. Ya rubuta cewa ajin ba shi da amfani, wataƙila ma gajiyar da yara yake yi. Ya aika wa masu makarantar ba tare da ya ko kira ta ba. Su kuwa dama abin da suke jira ke nan. Suka rufe ajin, suka sallami malamar da ke koyarwa.

Da ya je gaishe ta, ya tarar da ita a tsakar gida tana ninke kaya. Ya ce, "Gwaggo, sai haƙuri, gaskiya ce ta fito."

Ba ta ɗago ba. "Yaran da suka kasa haɗa baƙi biyu muke zaɓa mu sa a ajin nan. Sun shigo ko sunansu ba sa iya rubutawa, yanzu suna karanta shafi guda. Ka gwada su da masu ɗaukar na ɗaya, ka ce sun gaza."

Ya ce, "Ai da kin faɗa mini."

"Na fara, ka ba ni ruwa."

Ya koma ya rubuta gyara. Masu makarantar suka ce su rahotonsa na farko suka yarda da shi, ɗakin ajin ma an riga an zuba karyayyun kujeru a ciki. Yaran suka ci gaba da faɗuwa, iyaye suka gaji suka cire yawancinsu daga makaranta. Abin baƙin ciki, har yau gwaggo tana amsa gaisuwarsa, amma ba ta ƙara neman shawararsa a kan komai ba.

Darasi: duk wanda ake kawo wa alƙaluma, ya fara sauraron mai kawowa har ya kai aya. Ya tambaya su wa aka auna, yaya aka zaɓe su, kuma me za a yanke da amsar. Lissafi kan yi daidai amsa ta zama zalunci, kuma wanda ke shan wahalar ba shi ne ya ƙi saurara ba.