Ranar da Malam Ya Dubi Rawanina

Tun da aka kafa Dakoro ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda aka zalunce ni ba, ni Mainassara, da na shekara ashirin ina shimfiɗa buzun Shehinmu, tekun fiƙihu, mai tsantseni, wanda ko akuya bai taɓa ɗaga wa murya ba, Allah Ya ƙara masa yarda.

Ranar walimar sauka aka sha fura a gidansa, kashegari gida bakwai suka tashi da amai da zawo. Wadda ta fi jigata ita ce Hafiza, ɗiyar maƙwabcinsa Jimrau, 'yar shekara uku, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Kowa ya shiga kallon kowa. Wasu suka zargi nonon da aka kawo daga Korahane, wasu suka ce maita. Ni kuwa na ba da shawara a binciki Mata, wadda ta dama furar. Jimrau ya rantse in ɗiyarsa ta mutu, sai Mata ta bar unguwa.

Sai ga Malam, Shehin namu, radiyallahu anhu, cikin natsuwa. Ya ce, "A tafasa ruwa lita guda, a sa ƙaramin cokali shida na sukari da rabi na gishiri, a ba ta kurɓi-kurɓi kuna hanyar zuwa wajen majo, ma'aikacin asibiti." Ya dafa kanta ya yi addu'a. Kafin la'asar yarinya ta buɗe ido tana neman kunu.

Da aka dawo ya ce, "Mata, je ki gida, ba ki da laifi." Sannan ya dubi kaina: "Malam Mainassara, rawaninka ya tare laka, cutar kuwa ta wuce."

Rawanin nan sau biyu na wanke shi, na goge, kuma babu wanda ya gan ni. Gaskiya ne an aike ni famfo da bido in ɗebo ruwan damun furar, na tarar da layin mata, ga ni cikin sabuwar shadda, sai na ratse tabkin da shanu ke sha, na ɗiba, na tace da bakin rawani.

Yau kwanana tara ina bin layin famfo bisa umarninsa na in yi kwana arba'in, Mata a gabana tana cewa, "Malam, a matso, ko za a koma tabki?" Saura talatin da ɗaya. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajar wannan waliyyi, Ka ba mu albarkarsa, Ka kuma yafe mini, don ni na jawo.