Makullin da Aka Danna a Sabulu

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, tun lokacin da motocin gari guda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Sunansa Kallamu. Wani bawan Allah ne mai yanka makulli, yana zama a gindin tsamiya kusa da tasha, da ɗan bencinsa da magagari da guduma.

Ku saurara. Makulli yana da haƙora kamar mutum, kuma yana tsufa kamar mutum. Ni na daɗe ina kallon wannan abu ina mamaki. Haƙoran su side, su zube, har ya koma kamar dasashin tsoho. To shi Kallamu, in ya riƙe makulli sau ɗaya, ya san fuskarsa ke nan har abada. Kuma yana da ƙa'ida guda: ba ya yanka makullin mota sai ya ga motar, ya ga mai ita, ya sa sabon a hannunsa.

A garin akwai wani tsohon direba, Jatau, mai wata tsohuwar mota da ta ga duniya. Ita kaɗai ce ke kai mara lafiya asibitin birni, ita ke ɗaukar mai naƙuda in haihuwa ta zo da gardama. Makullinta ya side har sai an yi ta lallashinsa kafin ya juya. Ran Talata Jatau ya kawo shi. Kallamu ya jujjuya shi, ya ga haƙori na uku ya tafi gaba ɗaya, ya ce ba shi da irin ƙarfensa a hannu, sai Juma'a. Jatau ya yi dariya ya ce shi da makullin ba a san wanda zai riga wani mutuwa ba.

Ran Alhamis da rana tsaka, mutane duk sun tafi kasuwar wani ƙauye, tasha ta yi tsit. Sai ga Tunau. Wannan Tunau, in aka ambaci sunansa a garin sai a rage murya. An san shanu sun ɓata, an san wani mai gadi ya wayi gari ba kunne, ba wanda ya taɓa cewa ga wanda ya yi.

Bai yi sallama ba. Ya zauna a bencin, ya ajiye guntun sabulu da wani sabon ƙarfen makulli da ba a yanka ba. A jikin sabulun an danna makulli, siffarsa ta fito sarai. Ya ce a yanka masa kafin la'asar. Sannan ya zaro wuƙa ya fara feren rake.

Kallamu ya ɗaga sabulun ya duba. Haƙori na uku babu. Makullin Jatau ne.

Jama'a, kada wani ya ce muku mutanen Allah ba sa jin tsoro. Suna ji. Gwiwarsa ta riƙa karkarwa har bencin na motsi. Ya dubi hanya, ba kowa sai akuya. Tunau yana ta tauna rake yana tofar da ɓawo kusa da ƙafarsa, yana ba shi labari a hankali, wai ya san wani maƙeri da ke aiki da yatsu bakwai, kuma ba laifi, yana samun na tuwo.

Sai Shaiɗan ya matso. Ya ce masa, yanka kawai, kai ba kai ka sata ba, ƙarfe ka goga. Da ya ga bai karɓa ba sai ya sake hanya: to yanka masa wanda ba zai buɗe ba, ka ce ka yi. Kallamu ya ɗauki magagari, wallahi ya ɗauka. Amma ya tuna ita wannan mota ta side har cikinta, makulli ko ya karkace yana iya juya ta. Kuma ya tuna ƙarya ce zai miƙa da hannunsa. Ya ajiye magagarin.

Ya ce, "Malam Tunau, na san mai wannan makulli. Ba zan yanka ba."

Tunau ya daina tauna. Ya ce, "Tsoho, ka san shi, ko ka san ni?"

"Na san ku duka biyun. Ina jin tsoronka ƙwarai. Amma ba zan yanka ba."

Bai yi amfani da wuƙar ba. Gudumar Kallamu ya ɗauka, ya danne masa hannun dama a kan benci, ya sake tambayarsa sau ɗaya. Kallamu ya rufe ido yana salati. Yatsu biyu aka farfasa. Tunau ya ɗauki rakensa ya tafi, ko sauri bai yi ba.

Wata mai abincin tasha ce ta ji ƙarar, ta ruga ta kira Jatau. Aka kinkimi Kallamu aka sa a mota, jini na zuba a kujera. Jatau ya zura makulli, ya ƙi juyawa. Ya murɗa, ya ƙi. Ya fara kuka yana zagin ƙarfe. Kallamu, da idonsa ya fara rufewa, ya ce masa ya ja shi baya kaɗan, kamar kaurin ƙwayar gero, ya ɗaga sama sannan ya murɗa. Mota ta tashi.

Ku duba fa. Da ya yanka, hannunsa na nan lafiya, mota ta tafi. Da ya ƙi, motar nan ce ta kai shi inda aka tsayar da jinin. Bayansa ta kai wasu, shekara da shekaru, da sabon makullin da ya goga mata da hannun hagu, wata biyu yana fama. Tunau kuwa ba a kama shi ba. Yakan wuce ta gaban tsamiyar, kuma duk ranar da ya wuce Kallamu ba ya iya cin abinci. Ni ba zan ƙara muku abin da ban sani ba.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne, amana ba ta jiran sai tsoro ya tafi. A cikin tsoron ake riƙe ta. Kowane ɗayanku an ba shi makullin wani: kai mai gadi, kai ɗan ɗakin shago, ke da maƙwabciya ta faɗa wa sirrinta. Wata rana wani zai zauna kusa da ku ya ajiye nasa sabulun, ba kowa a hanya. Ranar da hannaye za su yi magana a gaban Ubangiji, gara naku su zo da yatsu takwas su faɗi gaskiya. Allah Ya ba mu ikon cewa a'a ko da gwiwa na rawa.