Baƙon da Ba a Tambayi Sunansa Ba

A zamanin da, tun ana tokare ƙofar birni da gungume, an yi wani sarki da gari guda ya hana fadarsa sakat. Sunan garin Gangare. Hakiminsa, Magaji Nomau, ya rataye bulala, ya bar ƙofa a buɗe, ya kuma kafa doka: duk baƙon da ya shigo, kada a tambaye shi sunansa ko abin da ya koro shi. A ba shi fartanya da fili, shi ke nan.

Fada ta rabu biyu. Galadima ya ce kasuwar Gangare ta fi ta birni cika. Waziri Korau ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, wannan ba mulki ba ne, sakaci ne. Babu ɓarawon da bai san hanyar Gangare ba. A tuɓe Nomau, a mayar da bulala."

Kuma Waziri ba cika baki yake yi ba. Shekara goma sha biyu da suka wuce, ɗansa tilo, Cindo, mai yatsu shida a hannun hagu, ya ɗebi gero a rumbun sarki. Waziri da kansa ya sa aka tsula masa bulala a tsakiyar kasuwa, aka kore shi. Tun ran nan ko sunan yaron bai sake furtawa ba. Amma duk ayarin da ya sauka, sai ka ga tsohon yana satar kallon hannuwan 'yan dako.

Sarki ya gaji da gardama, ya ce, "Waziri, tuɓe rawani ka tafi a matsayin falke. Abin da idonka ya gani, da shi zan yi hukunci."

Waziri ya isa Gangare ranar kasuwa. Don gwaji, ya ajiye jakarsa da sabuwar riga a ciki, ya juya baya. Kafin ya waiwayo, jaka ta yi ƙafa. Wallahi har daɗi ya ji, don ya sami shaidarsa.

Wata tsohuwa mai fura, Tabawa, ta ce, "Malam, kada ka ɗaga hankalinka. Leƙa tsamiyar bakin rijiya gobe."

Da safe ya tarar da jakar a rataye, riga na ciki. Ga kuma wani gatari da tabarma suna lilo a reshe.

"Haka muke yi," in ji Tabawa. "Wanda zuciya ta ɗeba, in ya dawo hayyacinsa, ya rataye a nan, ba mai neman sanin ko wane ne. Ba duka ke dawowa ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma mafi yawa na dawowa."

"Baiwar Allah, wa ya ƙirƙiro wannan?"

"Mai Rijiya. Wani baƙo ne da ya zo bayansa duk tabon bulala. Shi ya haƙa mana rijiyar nan. Yakan ce da an bar masa inda zai mayar da abin da ya ɗauka, da yanzu yana gaban ubansa. Bawan Allah mai yatsu shida."

Da ƙyar Waziri ya ce, "Yana ina?"

Ta nuna masa wani tudun ƙasa bayan tsamiya. "Zazzaɓi ne, daminar bara. Ya yi ta kiran babansa. Mun so mu aika, to wa za mu aika wa? Ba mu taɓa tambayarsa ba."

Waziri ya zauna a ƙasa, ya dafa kabarin, ya yi kuka irin wanda ba a so a ga dattijo yana yi. Kwana uku kacal ne tsakanin Gangare da gidansa.

Da ya koma fada, kowa ya zuba masa ido. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a Gangare akwai ɓarayi, an yi mini sata ranar farko. Akwai kuma hanyar komawa, wadda ni ban bar wa ɗana ba. Mutanen Gangare ne suka riƙe shi har ya rasu. Laifinsu guda: mutum yakan mutu a hannunsu ba su san gidan da za su kai ta'aziyya ba."

Sai sarki ya yanke hukunci: Nomau ya zauna a kan sarautarsa, ƙofa ta ci gaba da zama a buɗe, a keɓe tsamiya irin wannan a birni. Amma a sa amintacce a ƙofar Gangare, ya karɓi sunan kowane baƙo a asirce, ba za a bayyana sunan ba sai ranar da baƙon ya rasu.

Waziri ya ajiye rawaninsa a gaban sarki, ya roƙi a ba shi wannan aiki. Aka ba shi.

Ranar da ya fara zama a ƙofar, kafin baƙo ko ɗaya ya iso, ya tsoma alƙalami a tawada, ya rubuta: Cindo, ɗan Korau.